Yadda Ake Gyara Ƙaramin Jirgin Kamun Kifi da Ƙara Masa Inji, Batir da Na'urori

A gaɓar Yauri, ko Baga, ko bakin Dam ɗin Tiga, kwale-kwalen masunta na yau ya sha bamban da na shekaru talatin da suka wuce. An ɗaura masa inji a baya, an ajiye batir a tsakiya, akwai fitilar sola da wurin cajin waya. Sai dai jikin jirgin yana nan yadda kafinta ya ƙera shi domin mutum biyu, filafili da raga. Duk abin da aka ƙara yana sauya nauyin jirgin da yadda yake zama a kan ruwa, kuma idan an yi ƙarin a kan ruɓaɓɓen katako, hatsari aka ƙara.

Wannan darasi zai bi aikin daki-daki: binciken jikin jirgi, gyaran katako, aikin faiba, ɗaura inji, lissafin lodi, sannan kayan lantarki. Jerin yana da dalili. Gyara ne farko, lissafi na biye, ƙari shi ne ƙarshe.

Dalilin da ya sa ƙaramar ɓula ba ƙarama ba ce

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma a kan wannan ƙa'ida duk lissafin jirgi yake. Jirgi yana yawo ne saboda yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, kamar yadda masanin nan na Girka, Archimedes, ya bayyana fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Jirgin da shi da kayansa suka kai kilo 600 sai ya ture lita 600 kafin ya tsaya da nitsewa.

Ɓula mai faɗin santimita ɗaya, wadda ƙaramin yatsa ma ba zai shige ta ba, idan tana santimita 20 ƙasa da saman ruwa, tana shigo da lita 5 zuwa 6 a minti guda. A awa ɗaya ya haura lita 300, wato nauyin manyan mutane huɗu ko biyar da ba a gayyata ba. Kuma jirgin na ƙara nitsewa, ɓular na ƙara zurfi, ruwan na ƙara ƙarfin shigowa.

Ruwan da ke cikin jirgi ya fi buhun kifi mai nauyi irin nasa illa, domin ba ya zama wuri ɗaya. Da zarar jirgin ya karkata kaɗan, ruwan gaba ɗaya sai ya gangara wannan ɓangare ya ƙara danne shi. Wannan ne ya sa jirgin da ake gani lafiya kan kife cikin ƙiftawar ido idan wani ya miƙe tsaye zai jefa birgi.

Mataki na farko: binciken jikin jirgi

A fito da jirgin tudu, a ɗora shi a kan gungume ko tsoffin tayoyi, a wanke laka da gansakuka. Kayan bincike ba su da tsada: ƙaramar guduma, sukundireba, alli da tocila.

A bi kowane katako ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma ƙararsa a dushe take. Inda aka yi shakka a danna bakin sukundireba. In ya shige ba tare da wahala ba, wurin ya ruɓe, a zagaye shi da alli. Wuraren da ruɓa ta fi kamawa su ne ƙarshen katakai a gaba da baya, ƙarƙashin haƙarƙarin jirgi inda ruwa ke kwanciya, da kewayen ƙusoshi. Baƙin tabo ko jan tsatsa a kewayen kan ƙusa alama ce ta ƙusar ta cinye a ciki, ko da kanta na nan a waje.

Don gano inda yake yoyo, a zuba ruwa a cikin jirgin zuwa tsayin santimita 5 ko 6 kawai, a leƙa ƙasansa a ga inda yake ɗiga. Kada a cika shi. An ƙera jirgi ne ya jure ruwan da ke matso shi daga waje, yawan ruwa daga ciki na iya ɓare katakan.

Mataki na biyu: gyaran katako

Ruɓa naman gwari ce da ke cin itace, kuma tana wuce inda ido ke gani. Saboda haka idan za a yanke ruɓaɓɓen wuri, a ƙara aƙalla santimita 10 cikin lafiyayyen katako ta kowane gefe. Liƙa kwano ko gwangwani a kan ruɓa dabarar kai jirgi gida ce kawai, domin danshin da ke maƙalewa a ƙarƙashi yana ƙara hanzarta ta.

Maɗaci, loko da kawo suna jure ruwa, shi ya sa maƙera jirgi suka daɗe da sanin su. Itace mai laushi irin rimi yana da sauƙin sassaƙa da araha, amma ba ya daɗewa. A yi ƙoƙari sabon katakon ya zama irin tsohon kuma kaurinsu ɗaya, don su riƙa kumbura da motsewa tare.

Haɗa katako biyu baki da baki shi ne haɗi mafi rauni. Hanya mafi inganci ita ce a fere bakin kowanne a karkace su hau juna, tsawon ferewar ya ninka kaurin katakon sau 8 zuwa 12. Katako mai kaurin santimita 2.5 ke nan yana buƙatar ferewar santimita 20 zuwa 30. In hakan bai samu ba, a sa wani guntun katako ta ciki ya haye mahaɗar sosai, a ɗaure da noti. Kada mahaɗar katakai biyu maƙwabta ta faɗo a layi ɗaya.

Ƙusar gini ta yau da kullum tana tsatsa da wuri a cikin ruwa. A nemi mai rufin zinki, wadda ake kira galbanayis, ko noti na bakin ƙarfe marar tsatsa. A fara huda katakon da ƙaramin bakin diril kafin a buga ƙusa, musamman kusa da ƙarshe, don kada ya tsage.

Toshe tsakanin katakai ana yin sa da zaren auduga ko tsumma mai tsabta, a tura shi da dusasshen ƙarfe, a bi da narkakkiyar kwalta. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Jirgin da ya sha iskar hunturu a tudu katakansa sun motse, tsagar ta buɗe. Idan aka cusa auduga da ƙarfi har ta cika tam, ranar da ya koma ruwa katakan za su kumbura su rasa wurin zuwa, sai su ture ƙusoshi ko su lanƙwashe. A cusa daidai gwargwado, a bar jirgin a ruwa marar zurfi kwana biyu ko uku, sannan a ga inda ya rage.

Mataki na uku: aikin faiba

Faiba zaren gilashi ne da ake jiƙawa da wani ruwan gam mai suna rezin, ya daskare ya zama ƙaƙƙarfan ɓawo. Rezin iri biyu ne a kasuwa. Foliyesta ya fi araha, kuma da shi ake ƙera yawancin jiragen faiba. Efoksi ya fi tsada, amma ya fi kama katako nesa ba kusa ba.

Ga jirgin da asalinsa na faiba ne, gyaran tsaga haka yake: a goge kewayen wurin da samfefa ko injin guga a karkace, faɗin gugar ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12, a share ƙura da maiƙo, a yanka tabarmar faiba gida-gida daga babba zuwa ƙarami, a riƙa jiƙawa ana shimfiɗawa ana danne kumfar iska da rola. Farin tabo a cikin aikin alama ce ta iska ta maƙale ko rezin bai ratsa ba.

Foliyesta ba ya daskarewa sai an sa masa sinadarin MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya. A zafin watan Afrilu kashi 1 ya isa, kuma a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, rabin kilo a lokaci guda, domin yana iya daskarewa a cikin kwano kafin minti 15. A yi aikin a inuwa da safe. Ɗigon MEKP a ido na iya makantarwa, don haka tabarau da safar hannu wajibi ne, haka ma takunkumi lokacin guga.

Lulluɓe jirgin katako gaba ɗaya da faiba abu ne da ke buƙatar tunani. Tabarma mai nauyin giram 450 a murabba'in mita tana shan rezin wajen kilo ɗaya, wato kusan kilo 1.5 a kowane shafi. Jirgin da fatarsa ta waje ta kai murabba'in mita 14, shafi biyu zai ƙara masa sama da kilo 40. Abin da ya fi wannan muni shi ne lulluɓe jiƙaƙƙen katako: faibar za ta ɓanɓare, ruwa ya shiga tsakani, katakon ya ruɓe a ɓoye. Idan za a yi, sai jirgin ya bushe na makonni, an cire kwalta da fenti ƙarƙaf, kuma an riga an sauya duk ruɓaɓɓen katako.

Mataki na huɗu: ɗaura inji

Injinan Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 15 da 40 suna cikin waɗanda aka fi gani a kogunan Najeriya. Mai doki 15 nauyinsa wajen kilo 37 ne, mai doki 40 kuma ya haura kilo 70. Wannan nauyi duk a ƙarshen jirgi yake rataye, ga girgiza, ga turin farfela da ke murɗa allon baya. Allon da aka buga da ƙusa huɗu ba zai jure ba.

Allon baya ya kasance katako mai ƙarfi, kaurin santimita 4 zuwa 5, a ɗaure shi da noti mai ratsawa da manyan wosha. A sa masa tokara mai kusurwa a hagu da dama da ke haɗa shi da gefen jirgi, da wata a ƙasa da ke haɗa shi da gindin jirgi. A ɗaura injin da igiya ko sarƙa bayan maɗaurinsa, domin maɗauri kan kwance da girgiza.

Tsayin allon ya dogara da ƙafar injin. Mai gajeriyar ƙafa na son allo mai tsayin kusan santimita 38, mai doguwa kusan santimita 51. Ma'aunin shi ne shimfiɗaɗɗen faifan da ke saman farfela: ya zo daidai da gindin jirgi ko ya sauka ƙasa da shi da bai wuce santimita 2.5 ba. In ya yi sama, farfela za ta riƙa jan iska, injin ya yi ta ihu jirgi ba ya tafiya, kuma mashigar ruwan sanyaya inji na iya fita daga ruwa. In ya yi ƙasa da yawa, mai ake ƙonawa a banza, ga karo da yashi da kututture.

Babban inji ba lallai ya ba da gudun da ake zato ba. Jirgin da ke keta ruwa da nauyinsa yana da iyakar gudu da tsawonsa ke ƙayyadewa. Ana ƙiyasta ta da ninka 4.5 da tushen murabba'in tsawon jirgin a mita. Jirgi mai mita 9, tushensa 3 ne, iyakarsa wajen kilomita 13.5 a awa. Siririn kwale-kwale kan ɗan zarce haka, amma daga nan kowane ƙarin gudu yana cin mai ninki-ninki, baya na nitsewa, gaba na ɗagawa. Inji mai doki 15 a cikakkiyar wuta yana shan wajen lita 7 a awa, mai doki 40 kuwa wajen lita 20. Ga masunci mai jirgin mita 8 ko 9, bambancin nan na iya cinye ribar kifin ranar.

Waɗannan injina ana gauraya musu fetur da baƙin mai na musamman, kashi 50 da 1: jarkar lita 25 tana ɗaukar rabin lita. Sabon inji a awanninsa na farko yana buƙatar ninkin haka, kashi 25 da 1. Da zarar an tayar da inji a duba ɗan siririn ruwan da yake fitarwa ta baya. In babu shi a kashe nan take, ko dai ciyawa ko leda ta toshe mashiga, ko robar famfon ruwa ta cinye. Masuntan fadamar Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, su suka fi buƙatar wannan dubawa. Jar igiyar kashe inji kuma a hannun direba take zama. In ya faɗa ruwa, ita za ta tsayar da farfela.

Mataki na biyar: lissafin lodi

Abin da ke tsakanin masunci da nutsewa shi ne ratar da ke tsakanin saman ruwa da bakin jirgi. Ana iya lissafa yadda lodi ke cin ta. A ninka tsawon jirgi da faɗinsa a daidai layin ruwa, sannan a ninka da 0.65 saboda gaba da baya sun tsuke. Jirgi mai mita 8 da faɗin mita 1 zai ba da murabba'in mita 5.2. A ninka da 10: kowane kilo 52 na nitsar da shi santimita ɗaya.

A misalce, an ƙara inji kilo 37, jarkar mai kilo 20, batir kilo 13, faiba kilo 42. Jimla kilo 112, fiye da santimita 2 sun tafi tun kafin mutum ya shiga. Mutum uku kilo 200, jiƙaƙƙiyar raga da kifi kilo 200, wasu santimita 8 ke nan. Kuma da yake inji da direba duk a baya suke, bayan zai nitse fiye da wannan lissafi. Maganinsa shi ne a matsar da jarkar mai da batir zuwa tsakiya, a ajiye kowane abu mai nauyi a ƙasa-ƙasa.

Bayan lissafi sai gwaji. A ruwan da bai wuce ƙugu ba, a loda jarkokin ruwa daidai nauyin da aka saba ɗauka, kowace mai lita 25 ta tsaya a madadin kilo 25. A auna ratar a gaba, tsakiya da baya. A babban tafki mai igiya irin Kainji ko Chadi, ƙaramin jirgi bai kamata ya fita da ratar da ta gaza santimita 25 zuwa 30 ba. A ja layin jan fenti a wannan iyaka. Idan ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko wane ne ke roƙo.

Darasin nan an biya shi da rayuka. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a jihar Kebbi ya nutse ɗauke da mutane fiye da 150, kuma jami'ai sun danganta lamarin da lodi fiye da ƙima. A watan Nuwamban shekarar, wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Jiragen fasinja ne, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma ranar kasuwa kwale-kwalen su kan koma na ɗaukar mutane.

Ƙarin da ya fi kowane amfani shi ne mafi araha: abin da zai hana jirgi nutsewa ko da ya cika da ruwa. Wofin jarka mai lita 25 da aka rufe gam tana ɗaga kusan kilo 24. A haɗa nauyin ƙarafa, inji 37, batir 13, sauran kaya 10, a ƙara kilo 15 ga kowane mutum da zai riƙe jirgin. Ga mutum uku jimla 105, jarka biyar ke nan. A ɗaure su tamau a ƙarƙashin kujeru da gefe-gefe, biyu kusa da inji. Jirgin faiba yana buƙatar ƙari, domin jikinsa ba ya yawo kamar katako: a ƙara kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikin. Farin soson da ake kunshe talabijin da shi yana narkewa idan fetur ko foliyesta ya taɓa shi, don haka sai an naɗe shi. Duk wannan ba ya maye gurbin rigar ruwa, wadda hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sawa.

Mataki na shida: batir, sola da na'urori

Kafin sayen batir a lissafa buƙata. Fitilun LED biyu masu wat 10 na awa 6 sun ci 120. Cajin waya 20. Ƙaramin famfon kwashe ruwa mai wat 30 na awa ɗaya, 30. Jimla 170, a raba da bolt 12, ya ba da kusan 14Ah a rana. Batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka mai 40Ah ya wadatar. Faifan sola mai wat 50, a rana mai awa 5 na cikakken haske, bayan an cire asara, yana mayar da kusan 175. An yi daidai ke nan, ba sai an ɗauko batirin babbar mota ba.

Batir ya zauna cikin akwatin roba mai murfi da mafitar iska, a ɗaure, nesa da jarkar fetur. A sa fis a jan waya kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce santimita 18 ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a gindin jirgi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A sa na'urar daidaita caji tsakanin sola da batir, a bi da wayoyi ta saman gefen jirgi, a rufe mahaɗansu. Fitilun hanya kuwa ja a hagu, kore a dama, fara a sama ko a baya.

Na'urar gano kifi, irin Garmin Striker 4, tana aika sauti cikin ruwa ta auna lokacin dawowarsa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka amon da ya dawo cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa yana nufin zurfin mita 7.5. Sautin ba ya ratsa katako, sai a ɗaura kan na'urar a sanda ta waje. A tafkin Kainji, wanda ya cika bayan kammala dam a 1968 ya shanye dazuzzuka da garuruwa, amfaninta wajen nuna zurfi da tsayayyun kututture bai gaza na nuna kifi ba. Wanda ba shi da kuɗinta, GPS ɗin wayarsa yana aiki ko babu data: a lokacin da ruwa ya ja baya, a bi a sa alama a taswira a duk inda kututture ya bayyana. A ajiye wayar cikin jakar roba mai rataya.

Kammalawa

Idan kuɗi ba su isa komai a lokaci guda ba, ga jerin da ya dace: katako da ƙusoshi, toshe yoyo, jarkokin hana nutsewa da rigunan ruwa, allon baya, inji, sannan lantarki. Duk lokacin da aka ƙara wani sabon abu, a rubuta nauyinsa, a sake gwajin jarkoki, a duba ko jan layin na nan sama da ruwa. Binciken guduma da sukundireba kuma a maimaita shi sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.